Faɗakar da Muridai a kan Sunan da ke Wanzuwa bayan Haƙiƙa ta Tafi

Da sunan Allah nake farawa, Sarkin da mulkinsa ba ya tsufa, wanda ba shi da waziri balle magaji. Godiya ta tabbata gare shi bisa ni'imar Musulunci da ni'imar bin bayan salihan bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda duk ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwana muridai, Allah shi datar da ni da ku. Sababin wannan takarda shi ne wani daga cikinku ya tsayar da ni bayan an tashi daga zikirin Juma'a, ya ce, Malam, ƙaƙa mutum zai gane ya ja da baya cikin tafiyarsa zuwa ga Allah, alhali kowa yana yabonsa kamar jiya, ana ba shi wuri a sahun gaba, ana neman addu'arsa? Ban ba shi amsa a daren nan ba, domin tambayar ta taɓa ni a inda nake ciwo. Ga amsa yanzu gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe. Na ɗauko ta daga labarin birni guda, domin cutar da ke cin birni ita ke cin zuciya, sai dai ta birni ta fi fitowa fili, malaman tarihi kuwa sun rubuta ta da shekarunta.

Ku fara tuna abin da Allah ya ba mu labari cikin Suratu Saba'i. Annabi Sulaimanu, amincin Allah shi tabbata gare shi, ajali ya same shi yana tsaye dogare da sandarsa, aljannu suna ta aikin wahala a gabansa, su ɗaga ido su gan shi tsaye, su sunkuya su ci gaba. Masu tafsiri da yawa sun ce shekara guda aka yi haka. Babu abin da ya sanar da su sai gara, wadda ta ci sandar daga ciki har ta karye. Annabin Allah ya ɗaukaka ga barin a buga misalin aibi da shi. Ubangiji ya yi haka ne domin ya tona asirin aljannu masu da'awar sanin gaibu. Abin da muke nufi a nan shi ne sandar da masu kallonta. Daga waje sanda ce cikakkiya har ranar da ta faɗi, masu kallo kuwa kwarjinin jiya suke yi wa biyayya. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Fasali a kan birnin

Birnin nan Bagadaza ne, wanda babu muridin da bai ji sunansa ba, domin silsilar mafi yawan ɗariƙu ta biyo ta cikinsa. Halifa Abu Ja'afar Mansur, na biyu cikin halifofin Banu Abbas, shi ya kafa shi a bakin kogin Dijla a shekara ta 145 ta Hijira (762 ta Miladiyya), ya yi shi kewayayye kamar faifai, da ƙofofi huɗu, ya sa masa suna Madinatus Salam. A nan aka binne Imamu Abu Hanifa da Imamu Ahmadu ɗan Hambali. A nan Ma'arufu Karhi ya zauna, da Sariyyu Saƙaɗi, da ɗan 'yar'uwarsa Junaidu, shugaban jama'ar sufaye, Allah shi yarda da su duka. Abin da ke ciyar da girman birnin kuwa yana can bayan ganuwa: ƙasar noma ce da ake ce wa Sawad, wadda magudanan ruwa da aka haƙa daga Dijla da Furatu suke shayarwa. Kullum sai an yashe su, an gyara madatsai. Kadan aka yi sakaci laka ta cike su, gona ta mutu, haraji ya ragu, sojan da ba a biya ba kuwa ya juyo da takobinsa zuwa fada. Yashe magudana aiki ne na laka da gumi, babu mawaƙin da ke yabon mai yinsa, shi ya sa shi ne farkon abin da ake bari.

Gara ta shiga da wuri. Halifofi suka tara bayi Turkawa suka mai da su askarawansu, har a shekara ta 247 (861) askarawan nan suka kashe Halifa Mutawakkil a cikin fadarsa ta Samarra. Daga nan suka koyi cewa naɗa halifa da tuɓe shi abu ne da hannunsu ke iyawa.

To, ku dubi abin da aka nuna wa baƙi. A shekara ta 305 (917), zamanin Halifa Muƙtadir, wanda aka naɗa yana ɗan shekara 13, manzannin sarkin Rum suka zo. Haɗibul Bagadadi ya kawo labarin cikin Tarihin Bagadaza. Aka zaga da su fada bayan fada, aka nuna musu zakoki 100 da masu tsaronsu, kana aka kai su gaban wata itaciya ta azurfa da zinariya a tsakiyar tafki, mai rassa 18, a kanta tsuntsaye na ƙarfe suna kuka kamar masu rai. Baƙin suka koma gida da labarin da zai isa a yi ta faɗa shekara ɗari. Shekara 12 bayan wannan, a 317 (930), Ƙaramiɗawa suka shiga Makka a kwanakin hajji, suka kashe alhazai a cikin Masallaci mai alfarma, suka ɓamɓare Hajarul Aswadi daga kusurwar Ka'aba suka tafi da shi ƙasarsu, ya zauna a hannunsu shekara 22. Mai itaciyar azurfa bai iya tsare baƙin Allah ba, bai kuwa iya ƙwato dutsen ba. Shi kansa an kashe shi a 320 (932) yana yaƙi da babban kwamandansa.

Abin da ya biyo baya ya fi ban tausayi. A 326 (937) wani amiri da ake ce wa Ibnu Ra'iƙ yana rikici da wani amiri ɗan'uwansa a kan wa zai riƙe halifa, sai ya fasa babbar magudanar Naharawan domin ruwa ya tare wa abokin gabarsa hanya. Bai tare shi ba, ƙasar noma mai faɗi kuwa ta lalace. A 334 (945) Banu Buwaihi suka shiga birnin, suka karɓe mulki duka, suka yanka wa halifa abin cefane. A kwanakin nan akwai halifofi uku tuɓaɓɓu a raye, Ƙahir da Muttaƙi da Mustakfi, dukansu an makantar da su. An ruwaito an ga Ƙahir a masallacin Mansur yana roƙon sadaka, yana gaya wa mutane shi ne wanda suka sani. Subhanallahi.

Amma ga abin mamakin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wannan yana faruwa, ranar Juma'a limamai suna hawa mumbari a garuruwa masu nisa suna yi wa Halifan Bagadaza addu'a, ana buga sunansa a jikin dinari da dirhami. Yusufu ɗan Tashfin, sarkin Murabiɗai, wanda ya fito daga Sahara ya mallaki Magrib da Andalus, ya rasu a 500 (1106), ya fi halifa ƙasa da runduna nesa ba kusa ba, amma bai yarda a kira shi Amirul Muminina ba, ya tsaya a kan Amirul Muslimina, ya nemi takardar naɗi daga Bagadaza. Me ya riƙe sunan? Wanda ke nesa labarin jiya yake ji, domin labari a ƙafa yake tafiya, ya iso bayan abin ya sāke. Wanda ya ƙwace mulki kuwa yana bukatar sunan domin ya rufe ƙwacensa da shi, saboda haka yakan kiyaye rawani ko da ya fasa kan da ke ciki. Mutanen gida su ma daga sunan suke ci. Suna ba ya neman a yashe shi, ba ya cin albashi. Kowa yana da riba cikin barinsa tsaye.

Gani ya kori ji. A shekara ta 580 (1184) wani alhaji mutumin Andalus, Ibnu Jubairu, ya biyo ta Bagadaza bayan hajjinsa, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Ya iske gefen yamma na birnin mafi yawansa kango, ya ga shaharar birnin ta fi abin da ya rage a cikinsa. Ya yaba wa malamanta da masu wa'azinta, ya zauna a majalisin Ibnul Jauzi ya ga mutane suna kuka suna tuba, ya ƙirga makarantu wajen 30. Sauran jama'a kuwa ya zarge su da raina baƙo da ganin cewa duk duniya ƙauye ce in an gwada ta da garinsu. Ku lura da wannan, ya 'yan'uwa: girman kai ya kan ƙaru a lokacin da dalilinsa ke raguwa.

Kada in zalunci mutanen nan, faɗuwarsu ba a miƙe ta tafi ba. Halifa Nasir ya dawo da wani abu na ƙarfin gidan, jikansa Mustansir kuwa ya gina makarantar Mustansiriyya, aka buɗe ta a 631 (1234), ana karantar da mazhabobi huɗu a ƙarƙashin rufi guda, gininta yana nan har yau. Wanda ya shiga birnin a shekarar nan zai rantse ƙuruciya ta komo. Saura shekara 25.

Hulaku, jikan Jankiz Han, ya aiko wa Halifa Musta'asim da wasiƙa ya miƙa wuya. Halifa ya mayar da amsa ta mai jin cewa Musulmi daga gabas zuwa yamma duka rundunarsa ne, da ya yi kira za su taso. Ibnu Kasir ya faɗi cewa askarawan da suka kusa 100,000 a zamanin ubansa an yi ta rage su har suka koma wajen 10,000. Da aka kewaye birnin a Muharram na 656 (1258) babu sarki ko ɗaya da ya zo da gudummawa. Sarkin Mausil ma Hulaku ya aika wa tasa. Kewayen bai cika mako biyu ba. Aka kashe mutane da yawan da alƙaluma suka saɓa wajen ƙirga shi, aka kashe halifa a Safar, gidan da ya yi shekara 524 yana sarauta ya faɗi. Halifan nan, Allah shi jiƙansa, bai yi wa Hulaku ƙarya da gangan ba. Ya ji sunan kakanninsa a bakin mutane har ya zaci sandar tana nan.

Ko bayan haka sunan bai mutu ba. A 659 (1261) Sarkin Misira Baibaras ya samo wani daga zuriyar Abbas ya naɗa shi halifa a Alƙahira, aka ci gaba da naɗa su ɗaya bayan ɗaya, ba su da ƙasa ba su da soja, aikinsu su sa albarka ga sarkin da ya ci, har Sarki Salim na Santambul ya ci Misira a 923 (1517). Cikinsu akwai Mustakfi, wanda sarkin Misira ya kora zuwa garin Ƙus ya mutu a can a 740 (1340). Sarkin Delhi ta ƙasar Hindu, Muhammadu ɗan Tugluƙ, ya ci gaba da buga sunansa a kuɗinsa shekaru bayan an binne shi.

Fasali a kan zuciya

Ya kai muridi, kada ka karanta wannan ka tafi kana nuna gidan wani da yatsa. Na san shaiɗan zai raɗa maka sunan zawiyar wane da jikan shehu wane. Bar su, girmama 'ya'yan malamai ladabi ne da ba a sauke maka ba, hisabinsu kuwa ba a hannunka yake ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, naka za ka shafa wa ruwa.

Kai ma kana da shekarar kafuwarka, ranar da ka karɓi wuridi hannunka yana rawa. Kana da zamanin da kake tashi sulusin dare ba wanda ya tashe ka, kana tsoron loma guda ta shubuha, kana jin salatin Annabi a ƙirjinka kafin ya kai harshe. A kwanakin nan mutane suka sa maka suna, suka ce wane mutumin Allah ne, kuma gaskiya suka faɗa. Sunan nan shi ne huɗubarka da dinarinka. Zai ci gaba da yawo a bakin mutane shekara ashirin bayan ka bar tashin dare, domin ba su ganin darenka. Matarka ta gani, ta yi shiru don kunya. Almajiranka suna bukatar ka zama babba domin su ma su zama almajiran babba. Ba wanda zai gaya maka.

Ni da nake rubuta muku na ɗanɗana. Akwai shekarar da na kammala wuridin safe sarai, ƙidaya ba ta ragu ba, na ajiye tasbaha, sai na iske tun daga istigfari har zuwa hailala zuciyata tana lissafin bashin da nake bin wani mutum. Na bincika baya, na ga watanni ke nan ina haka. A makon nan kuwa wani ya zo daga nesa ya durƙusa yana neman in tofa masa addu'a, na tofa, na ji daɗin durƙusonsa. Wannan jin daɗi shi ne garar. Tasbahata ta zama itaciyar azurfa, tsuntsu yana kuka babu rai a ciki.

Wani zai ce, ai da tsohuwar zuma ake magani, albarkar shehunnai da ta ayyukan da suka gabata ba ta ɓacewa. Gaskiya ne, muna fatan haka ga rahamar Allah. Amma duba cikin goran tukuna ka ga zumar tana nan, ko ƙamshinta ne ya rage. Silsila igiya ce, tana amfanin wanda ya riƙe ta. Ɗan Annabi Nuhu ya nutse alhali jirgin na ubansa ne.

To, mene ne magani? Mu koma Bagadaza, shekara ta 488 (1095), lokacin da halifa ke ƙarƙashin Saljuƙawa. A shekarar nan Imamu Gazali yana kan kujerar makarantar Nizamiyya, ɗalibai wajen 300 a gabansa, sarakuna suna neman fatawarsa. Ya ba da labari da kansa cikin Munƙizu cewa ya binciki niyyarsa ta karantarwa ya iske neman matsayi da yaɗuwar suna ya cakuɗa da ita. Ya yi wata shida yana ja da ransa, har Allah ya ɗaure harshensa ya kasa karantarwa, kana ya bar kujerar ya fita zuwa Sham. Da ya zauna babu wanda zai gane, da ya mutu babban malami a idon kowa. Shi ya ƙwanƙwasa sandarsa da hannunsa ya ji kogo. Ihya'u da muke karantawa daga wannan fita ya fito.

A wannan shekara kuma wani saurayi ɗan shekara 18 ya shigo birnin daga ƙasar Jilan, babu wanda ya san sunansa. Ya yi karatu, ya sha yunwa, ya yi shekaru cikin kaɗaici da mujahada, bai hau kujerar wa'azi ba sai a 521 (1127), bayan shekara 33. Shi ne Shaihu Abdulƙadir, Allah shi yarda da shi, ya rasu a 561 (1166). Ya yashe magudanarsa tun ba mai kallo, sunan ya biyo baya. Fadar halifofi yau babu ita, makwancinsa kuwa a Babus Shaihi ana zuwa daga Hindu da Turkiyya da ƙasashenmu. Sai dai ku ji tsoro a nan ma: sunan Shaihu yana da haƙiƙa a wurin Shaihu, ba ya zama haƙiƙa a wurinka don ka ambace shi da ƙarfi.

Saboda haka ina yi muku wasiyya da ni kaina da yin hisabi irin na Harisul Muhasibi, shi ma mutumin Bagadaza ne. Kadan ka idar da wuridin dare, kafin ka kwanta, ka tambayi ranka: cikin abin da mutane ke yabona da shi, wanne ne na yi a makon nan, wanne ne na shekarun baya? Ka gwada sallarka ta cikin ɗaki da ta gaban jama'a, wace ta fi tsawo. Ka tuna ranar da aka kira ka da sunanka tsurarsa babu Malam babu Shehu, ko aka ba wani wurin zamanka a halƙa, me ya motsa a cikinka. Kadan ka ji zafi, to zafin nan ma'auni ne na yadda ka dogara ga sandar.

Abin da ka iske, kada ka ɓoye wa muƙaddaminka don kunya. Ka same shi a keɓe ka ce masa, ƙidaya tana nan amma halarar zuciya ta tafi. Likita ba ya maganin ciwon da aka rufe da riga. Kada kuwa ka ƙara yawan wuridi da ra'ayinka, mai fashewar madatsa ba ya gyara ta da ƙara ado a fada. Ka koma ga laka: ka mayar da haƙƙin da ke wuyanka, ka duba inda abincinka ke fitowa, ka riƙe raka'a biyu cikin dare waɗanda ko iyalinka ba su sani ba, ka yi istigfarin farkon wuridi a hankali kamar ranar da aka ba ka shi. In ka sami sadaka da za ka iya bayarwa ta hannun wani, ba tare da an san daga ina ta fito ba, ka yi. In an yabe ka a gaban jama'a, ka nemi gafara a ɓoye kafin ka bar wurin.

Ɗan'uwan da ya yi tambaya, in takardar nan ta same ka, ka zo bayan la'asar ranar Alhamis mu karanta babin riya na Ihya'u tare, ni ma ina da bukatarsa.

Allah shi rufa mana asiri duniya da lahira, shi sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau, shi karɓi rayukanmu muna kan alkawarin da muka ɗauka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wanda ya karanta ya sa marubuci da iyayensa da malamansa cikin addu'a. Tamat.